Tsimin Mai, Jin Daɗin Fasinja da Aikin Masana'anta: Yadda Injiniyoyi Suka Sasanta Su a Motar Prius

Mafi yawan ƙarfin da ke cikin man fetur ɗin da ake ɗura wa mota ba ya isa ga tayoyinta, domin kusan sulusinsa yana ficewa ta salansa tare da hayaƙi mai zafi, wani kaso mai kama da wannan kuma ruwan lagireto ne yake kwashe shi ya watsar a iska, sannan gogayyar ƙarafan inji da na giya ta yagi nata rabon daga ragowar. Kason da ya tsira daga wannan asara har ya zama juyi mai amfani shi ne injiniyoyi suke kira ingancin inji, kuma ana auna shi da kashi cikin 100. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a motar fetur ta gama-gari, kashi 12 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin man ne kaɗai yake tura motar gaba, gwargwadon irin hanya da irin tuƙi, wato direban da ya sayi lita goma ya shiga cunkoson gari, da ƙyar lita biyu take yi masa aikin da ya biya kuɗi dominsa.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu binciken ƙere-ƙere suke fama da wannan asara, sai dai ba su taɓa samun sukunin fuskantarta ita kaɗai ba. Duk dabarar da ta rage shan mai takan zo da wata illa ga mutumin da ke zaune a cikin motar, ko ƙara, ko jijjiga, ko raunin ja, kuma duk maganin da aka yi wa wannan illa yakan ƙara nauyi da yawan sassa, abin da masana'anta za ta biya da lokaci da kuɗi a kan kowace mota da ta fito daga layinta. Wannan ne ya sa dabaru masu yawa da suka burge a ɗakin gwaji ba su taɓa hawa titi ba, waɗansu kuma sai da suka jira shekara ɗari. Babu motar da tarihinta ya fito da wannan ja-in-ja fili kamar Prius ta kamfanin Toyota na ƙasar Japan, wadda ita ce mota ta farko mai haɗa injin fetur da na lantarki da aka ƙera da yawa domin sayar wa jama'a.

Tushen lamarin yana cikin silinda, wato bututun ƙarfen da fistan yake kai-komo a cikinsa. A injin da Nikolaus Otto ya kammala a Deutz ta ƙasar Jamus a 1876, wanda har yau a kan tsarinsa ake ƙera injin fetur, fistan yana yin tafiya huɗu kafin zagaye ya cika: yana sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, tartsatsin filogi ya kunna su har zafi ya buɗa iskar ta tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kore hayaƙi. Tun a 1824 Bafaranshe Sadi Carnot ya nuna cewa babu injin da zai iya mayar da dukkan zafi ya zama aiki, kuma iyakar abin da za a samu ta dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin da aka fara da shi da wanda aka ƙare da shi. A aikace, gwargwadon yadda aka matse iska kafin ƙonewa, aka kuma ba ta sarari ta buɗe bayan ƙonewa, gwargwadon aikin da za a tatsa daga kowane ɗigon mai. Rudolf Diesel ya bi wannan hanya har inda ta tsaya, ya matse iska zalla har zafinta ya isa ya kunna mai ba tare da filogi ba, injinsa da aka gwada a Augsburg a 1897 kuwa ya ba da inganci na kimanin kashi 26 cikin 100, abin da ya ninka na injinan tururi na wancan zamani. Injin fetur ba shi da wannan sarari, domin idan matsi ya wuce kima, ragowar cakuɗen mai da iska da ke gefen silinda yakan fashe da kansa kafin harshen wutar filogi ya iso gare shi, a ji wata ƙwanƙwasa mai kaifi wadda in ta dawwama takan lalata kan fistan. Lambar oktan da ake auna fetur da ita ma'aunin juriyarsa ce ga wannan fashewa, kuma neman ɗaga ta cikin araha ne ya sa aka fara zuba sinadarin dalma a fetur a shekarun 1920, gubar da duniya ba ta gama raba man motoci da ita ba sai a 2021, lokacin da Aljeriya ta daina sayar da irin wannan mai.

Akwai wata asarar kuma da ba a cika lura da ita ba, wadda take tasowa daga totur. Idan direba ya sassauta ƙafarsa, wani faifai da ke cikin bututun iska yakan toshe mafi yawan hanyar, sai fistan ya riƙa zuƙa ta ƙuntatacciyar kafa yana kashe ƙarfi wajen numfashi kawai, kuma tun da mota takan shafe yawancin rayuwarta a tafiyar da ba ta buƙatar ko rubu'in ƙarfin injinta, a wannan mummunan yanayi take aiki kusan kullum. A shekarun 1880 wani injiniya ɗan Ingila mai suna James Atkinson ya ƙera inji mai sanduna masu sarƙaƙiya, wanda tafiyar buɗewarsa ta fi ta matsinsa tsawo, domin a tatsi ƙarin aiki daga hayaƙi kafin a kore shi. Injin ya yi tsimi, amma sandunansa sun yi yawa kuma ba ya jure gudu, saboda haka kasuwa ta wuce ta bar shi. Daga baya aka gane cewa ana iya samun sakamako makamancin wannan ba tare da sandunan ba, ta hanyar barin bawul ɗin shigar iska a buɗe na ɗan lokaci bayan fistan ya fara hawa, ta yadda wani ɓangare na cakuɗen zai koma baya, matsi ya ragu amma buɗewa ta kasance cikakkiya. Ladan wannan shi ne tsimin mai, farashinsa kuwa shi ne raunin ja a lokacin tashi da ƙaramin gudu, wato daidai inda direba ya fi jin ƙarfin motarsa. Kamfanin Mazda ya fitar da mota mai irin wannan inji a 1993, ya cike giɓin da na'urar cusa iska, amma ƙarin tsada da sarƙaƙiya sun hana dabarar yaɗuwa a lokacin.

A shekarar 1993 ɗin ce Toyota ya kafa wani ƙaramin kwamiti mai suna G21, aka ɗora masa alhakin tsara motar ƙarni na 21, sannan aka naɗa Takeshi Uchiyamada babban injiniyan aikin. Zaɓin yana da ban mamaki, domin mutumin bai taɓa jagorantar ƙera mota ba, ya karanta kimiyyar fiziks ne a Jami'ar Nagoya, kuma ƙwarewarsa a kamfanin ta fi ƙarfi a gwajin ƙara da jijjiga. Burin farko shi ne a samu motar da za ta fi irinsu Corolla tsimin mai da rabi, ta hanyar kyautata injin fetur da giya kamar yadda aka saba, amma a ƙarshen 1994 mataimakin shugaban kamfanin, Akihiro Wada, ya ce ninki biyu yake so, abin da ba ya yiwuwa sai an haɗa da lantarki. An nuna samfurin motar a bajekolin Tokyo na Oktoba 1995, amma motar gwaji ta farko ta shafe kwana 49 ba ta motsa ba saboda kwamfutocinta sun kasa fahimtar juna, ranar da ta motsa kuwa kimanin mita 500 ta yi ta tsaya. Duk da haka sabon shugaban kamfanin, Hiroshi Okuda, ya matso da ranar fitar da ita, aka fara sayar da ita a Japan a Disamba 1997, watan da aka yi taron sauyin yanayi na Kyoto, a kan yen miliyan 2 da dubu 150, tana yin kilomita 28 da lita ɗaya a ma'aunin gwamnatin ƙasar na wancan lokaci.

Abin da ya ba injin Atkinson damar dawowa bayan shekara ɗari shi ne wani ƙaramin tarin giyoyi da aka sa a madadin akwatin giya da kuloci. Tarin yana da giya ɗaya a tsakiya, da waɗansu ƙanana masu kewaya ta, da babban zobe mai haƙora ta ciki wanda ya lulluɓe su duka. Injin fetur yana juya mariƙin ƙananan giyoyin, giyar tsakiya tana haɗe da janareta, zoben kuma yana haɗe da injin lantarki da tayoyi, ta yadda kwamfuta za ta iya raba ƙarfin injin fetur tsakanin tura mota da cajin batir a kowane lokaci. Tun da injin lantarki yana ba da dukkan jansa tun daga tsaye, shi yake rufe raunin injin Atkinson a lokacin tashi, injin fetur kuwa ana kashe shi a wurin tsayawa da tafiyar hawainiya, idan an kunna shi kuma ana riƙe shi a ɗan siririn yankin gudu da nauyi inda ingancinsa ya fi yawa. A lokacin taka birki, injin lantarkin yana komawa janareta ya mayar da wani kaso na ƙarfin tafiya cikin batir, maimakon ya ƙone a jikin birki.

Daga nan ci gaban ya zama na a hankali, kuma alƙalumansa suna nuna wahalar aikin fiye da duk wani bayani. Ingancin injin Prius na farko a ƙolinsa yana wajen kashi 36 zuwa 37 cikin 100, na 2009 ya kai 38.5, na 2015 ya kai 40, injin lita 2.5 da aka sa wa Camry mai haɗin lantarki a 2017 kuma ya kai 41, wato shekara ashirin ɗin bincike ta haifar da ƙarin maki huɗu zuwa biyar. Kowane maki yana da labarinsa. An riƙa sanyaya wani ɓangare na hayaƙi ana mayar da shi cikin silinda domin ya rage zafin ƙonewa da haɗarin ƙwanƙwasa, an cire fambel aka mayar da famfon ruwa na lantarki domin a rage jan da ke kan inji, an kuma sake siffar hanyar shigar iska domin ta shiga tana wulwulawa, wutar ta ci cakuɗen da sauri kafin ya sami damar fashewa da kansa. Mai karatu zai iya tambayar dalilin tsayawa a nan, alhali kamfanin Mercedes ya sanar a 2017 cewa injinsa na tseren Formula 1 ya haura kashi 50 a wurin gwaji, manyan injinan dizal na jiragen ruwa ma sun daɗe a wannan mataki. Amsar ita ce injin tsere ana ƙera 'yan ƙalilan ne da kuɗi marar iyaka kuma babu mai damuwa da ƙararsa, injin jirgin ruwa kuwa girmansa ya kai gida mai hawa da yawa kuma yana juyawa a gudu ɗaya kwana da kwanaki, alhali motar iyali dole ta tashi cikin sanyi da zafi, ta yi shiru, ta shekara goma tana aiki, kuma ma'aikacin albashi ya iya sayenta.

Jin daɗin fasinja, wanda mutane da yawa suke ɗauka batun laushin kujera ne kawai, fanni ne na awo mai ƙa'idoji. Bincike a kan jikin ɗan Adam, wanda aka tattara a ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 2631, ya nuna cewa mutumin da ke zaune ya fi jin jijjigar sama da ƙasa idan tana maimaituwa kamar sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, domin a nan ne gangar jiki take amsa kaɗawar, lilo mai jinkiri sosai kuwa, wanda bai kai sau ɗaya cikin daƙiƙa biyu ba, shi yake kawo jiri da tashin zuciya. Saboda haka ake zaɓar sifirin da shokazoba ta yadda bodin mota zai riƙa lilo kamar sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa, tsakanin waɗannan haɗura biyu. Motar haɗin lantarki ta zo da matsalar da babu ita a da, domin injinta yana mutuwa yana tashi sau da dama a tafiya ɗaya, kuma a kowane tashi dole ya ratsa wani ƙaramin gudu inda jijjigarsa take dacewa da ta robobin da yake zaune a kansu, girgizar ta ƙaru. Maganin da aka samu shi ne janareta, wanda ya fi kik na motar gama-gari ƙarfi nesa ba kusa ba, ya wurga injin ya wuce wannan gudu da sauri kafin a ba shi mai, jinkirin rufe bawul kuma ya rage matsin da fistan zai yi kokawa da shi a juyin farko. A nan ne ƙwarewar Uchiyamada a fannin jijjiga ta dace da aikin da aka ba shi.

Shirun da aka samu ya tono waɗansu ƙararraki da rurin inji yake rufewa a da, kamar gunjin taya a kan kwalta, da shewar iska a jikin madubi, da siririn kukan na'urorin lantarki, kuma tayoyi masu tauri da ake sa wa motar domin tsimi sun ƙara tsananta lamarin. Masu sharhin motoci sun daɗe suna yabon tsimin Prius suna kushe zamanta a kan gargada, kuma suna da gaskiya, domin sai a samfurin 2015 aka ba kowace tayar baya 'yancin motsi ita kaɗai, aka kuma ƙara wa bodi tauri da kimanin kashi 60 cikin 100 bisa faɗar kamfanin. Haɗa birkin lantarki da na mai shi ma ya ba da wuya, har a Fabrairu 2010 aka janye motoci fiye da dubu 400 a duniya domin gyara manhajar birki, bayan direbobi sun yi ƙorafin cewa yana yi musu kamar ya saki na ɗan lokaci a kan hanya mai ramuka ko santsi. A waje kuma shirun ya zama haɗari ga masu tafiya a ƙasa, musamman makafi, har Tarayyar Turai ta wajabta daga Yuli 2019 cewa sababbin samfuran irin waɗannan motoci su riƙa fitar da sautin gargaɗi idan suna tafiya a hankali.

Duk wannan da bai wuce ɗakin gwaji ba in ba don ƙarfin masana'anta ba. Henry Ford ne ya fara nuna abin da tsari yake iya yi, lokacin da layinsa mai tafiya, wanda aka kafa a Highland Park a 1913, ya rage lokacin haɗa ƙashin mota daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi, amma tsarinsa ya dace ne da mota iri ɗaya da ake ƙerawa miliyoyi. Toyota na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba shi da kuɗi kuma kasuwarsa ƙarama ce mai son motoci iri-iri, saboda haka injiniyansa Taiichi Ohno ya gina wani tsari a kan ginshiƙai biyu. Na farko shi ne kada a ƙera wani sashe sai mataki na gaba ya buƙace shi, ana isar da buƙatar da ɗan kati mai suna kanban. Na biyu kuwa an gaje shi ne daga injin saƙar Sakichi Toyoda na 1924, wanda yake tsayawa da kansa idan zare ya tsinke, wato a tsayar da aiki da zarar aibi ya bayyana, har ma kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya nemi a dakatar da layi. Masu bincike daga cibiyar MIT ta Amurka, waɗanda suka wallafa sakamakonsu a 1990, sun kwatanta masana'antar Toyota ta Takaoka da ta General Motors da ke Framingham a 1986, suka samu cewa bayan daidaita bambancin motocin, Takaoka tana haɗa mota da aikin awa 16, Framingham kuma da awa 31, aibobin haɗi a kowace mota 100 kuwa 45 ne a Takaoka, 130 a Framingham, sannan kayan ajiyar Takaoka na awa biyu ne kacal alhali na Framingham na mako biyu ne. A wannan Takaoka ɗin aka fara haɗa Prius, da shirin fitar da mota dubu ɗaya a wata.

Tsarin yana da nasa raunin, kuma ya bayyana a shekarar da motar ta fito, domin gobarar da ta tashi a masana'antar Aisin da ke Kariya a ranar 1 ga Fabrairu 1997 ta katse wani ƙaramin bawul ɗin birki da kusan dukkan motocin Toyota suke buƙata, layuka suka tsaya cak, sai da ƙananan kamfanoni masu yawa suka yi taron dangi kafin aiki ya dawo cikin kimanin mako guda. Duk da haka, irin wannan horo na rage ɓarna ne ya sauko da farashin batir, da injin lantarki, da na'urorin sarrafa wuta daga samfuri zuwa samfuri, har Prius ta kai cinikin miliyan ɗaya a 2008, motocin Toyota masu haɗin lantarki gaba ɗaya kuma suka kai miliyan 10 a farkon 2017. Wani lokaci ma masana'anta ce take buɗe wa inji ƙofa kai tsaye. Mazaunin bawul a al'adance zobe ne da ake dannawa cikin kan silinda, kuma kaurinsa yana tilasta wa hanyar iska ta lanƙwasa, amma da aka ƙware wajen narka garin ƙarfe da hasken leza a liƙa shi a wurin a kan layi, sai hanyar ta miƙe, iska ta shiga da yawa tana wulwulawa, wannan kuma yana cikin abubuwan da suka kai injin 2017 ga kashi 41.

Ga mai karatu a Nijeriya batun ya daina zama labarin nesa tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da janye tallafin mai, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Yawancin motocin da ke shigowa ƙasar tsofaffi ne da aka yi amfani da su a waje, kuma alƙaluman tsimin da aka rubuta musu an auna su ne a ɗakin gwaji mai matsakaicin zafi, da sabon batir da mai tsaftatacce. Batir ɗin Prius ba ya son zafi, kuma ana sanyaya shi ne da fanka mai jan iska daga cikin motar ta wata kafa kusa da kujerar baya, kafar da ƙurar hunturu take iya toshewa, sannan wayoyinsa masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta fiye da bolt 200, wadda za ta iya kashe bakaniken da bai sami horo ba. Auna yadda waɗannan motoci suke shan mai, da yadda batiransu suke tsufa a zafin watan Afrilu da gargadar hanyoyin Arewa, aiki ne da ya dace da sassan injiniyancin ƙere-ƙere na jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, kuma ya kamata sakamakonsa ya isa ga ƙungiyoyin makanikai da dillalan motoci cikin harshen da suke aiki da shi.